Yaranmu da wasan hurling a kulob-kulob na Ailan: tambayoyin da iyaye ke yawan yi

Duk wanda ya sa ɗansa a firamare a ƙasar Ailan, ko ba daɗe ko ba jima sai yaron ya dawo gida da maganar hurling. Wani malami ne ya ba shi sanda a lokacin motsa jiki, wani kuma abokansa ne ke tafiya fili ranar Asabar suna barinsa. Iyaye Hausawa da ke zaune a can kusan tambayoyi iri ɗaya suke yi, shi ya sa aka tattara su wuri guda, daga masu sauƙi zuwa waɗanda suka shafi halin da renon yara ke ciki a kulob-kulob na unguwanni da ƙauyuka.

Wane irin wasa ne hurling?

Wasa ne na gargajiyar mutanen Ailan, ana buga shi da sanda mai faɗin baki da ƙaramar ƙwallon fata da suke kira sliotar. Mutum 15 ne a kowane ɓangare, filin kuma ya fi na ƙwallon ƙafa girma, tsawonsa yakan kai mita 145. Wanda ya san ƙwallon gora zai ga kama, sai dai a nan yawancin wasan a sama yake: ana cafe ƙwallo da hannu, a yi taku huɗu da ita, a ɗora ta a bakin sanda a ruga, sannan a maka ta. Ba a ɗaukarta daga ƙasa da hannu, sai an ɗago ta da sanda. Idan ta shiga raga maki 3 ne, idan ta wuce ta saman sandar raga tsakanin dogayen turaku biyu maki 1. Don haka in kun ga an rubuta 2-14, maki 20 ke nan. A shekarar 2018 UNESCO ta sa shi cikin al'adun da duniya ta gada.

Wa ke tafiyar da wasan, kuma wane kulob ne namu?

Hukumar wasannin gargajiyar Ailan ce, wato GAA, wadda aka kafa ranar 1 ga Nuwamba 1884 a garin Thurles da ke gundumar Tipperary. Tana da kulob fiye da 2,000 a ciki da wajen ƙasar, kuma tsarinta daga ƙasa yake tasowa: kulob, sai gunduma (akwai 32 a tsibirin), sai lardi huɗu, sai hedikwata a filin Croke Park na Dublin mai cin mutum 82,300.

A yawancin gundumomi yaro yana buga wa kulob ɗin yankin da yake zaune ne, kuma iyakokin nan bisa tsohon rabon yankunan coci aka shata su. Ba kasafai ake barin mutum ya tsallake kulob ɗin garinsu ya tafi wanda ya fi ƙarfi ba. A manyan birane abin ya fi sassauci. Tafiyar kulob kuwa aikin gayya ce: mai horarwa, mai wanke riguna, mai zana layin fili, ma'aji, duk iyaye ne da maƙwabta, ba wanda ake biya. Ku riƙe wannan, domin kusan duk amsoshin da ke ƙasa daga nan suka samo tushe.

Da shekara nawa yaro ke farawa? Nawa ya kai goma, ya makara?

Yawancin kulob suna da ajin ƙanana na 'yan shekara 4 zuwa 7, galibi ranar Asabar da safe, inda ake koyon gudu da tsalle da riƙon sanda da ƙwallo mai laushi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a hurling maganar ta fi ƙarfi fiye da sauran wasanni, saboda aikin wuyan hannu ne da ido. Yaron da ya fara ƙwallon ƙafa yana da shekara 12 zai iya kamo tsaransa cikin 'yan watanni. A hurling sai ya fi haka haƙuri.

Amma ɗan shekara goma bai makara ba. Abin da ke rufe tazarar shi ne bango: yaro ya tsaya gaban katanga ya buga, ya tare, ya sake bugawa, ta dama da ta hagu, minti goma ko sha biyar kullum. Kulob da yawa sun gina dogon bango musamman don wannan. Atisayen sau biyu a mako shi kaɗai ba ya fitar da ɗan wasa, duk mai horarwa na gaskiya zai faɗa muku haka.

An ce ba a ba da kofi a wasan ƙanana. Me ya sa?

Tsari ne na GAA mai suna Go Games, na yara har zuwa rukunin 'yan ƙasa da 12. Ana rage fili, a rage yawan 'yan wasa, kowane yaro da ya zo sai ya buga, ba teburin gasa, ba wasan ƙarshe. Hujjar ita ce yaro ya taɓa ƙwallo sau da yawa, kuma kada mai horarwa ya zaunar da marasa ƙarfi a benci don neman nasara.

Akwai masu gunaguni, har cikin tsofaffin 'yan wasa, cewa yara ai suna ƙirga cin da kansu. Gaskiya ne suna ƙirgawa. Amma ni ina tare da tsarin, musamman saboda irin yaranmu da ba su tashi da sanda a gida ba. Da a ce kofi ake nema tun daga shekara 8, su ne za a fara ajiyewa a gefe. Gasa ta sosai tana zuwa daga baya, kuma babbar cikinsu ita ce Féile na nGael, wadda aka fara a 1971 a Tipperary, yanzu ta 'yan ƙasa da 15 ce.

Ba shi da haɗari kuwa? Sanduna fa ake kaɗawa.

Wannan ita ce tambayar iyaye mata ta farko, kuma tana kan hanya. Tun 1 ga Janairu 2010 hular kwano mai shingen ƙarfe a fuska ta zama dole ga kowa, yaro da babba, a wasa da atisaye. Ku duba tana ɗauke da lambar inganci IS 355, kuma kada ku yarda yaro ya cire ko da ƙarfe ɗaya daga shingen don wai ya fi gani, an hana, ta nan ake samun mummunan rauni. Raunin da aka fi samu na yatsu ne da bayan hannu, akwai safar hannu ta musamman don haka. Abin da sabon shiga ba ya ganewa shi ne matsawa kusa da abokin karawa ya fi tsayawa nesa aminci, domin bakin sanda ne ke dukan mutum. Tun a ajin ƙanana ake koya musu wannan.

Ta fuskar tsaron yara kuma, duk wanda zai horar da su sai 'yan sandan ƙasar sun tantance shi, ya kuma yi kwas na kare yara, sannan kowane kulob yana da jami'in da ke kula da walwalar yara. Ku nemi sanin ko wane ne tun ranar farko.

Me za mu saya, kuma me ya sa ake cewa sanduna na tsada?

Sanda, hular kwano, takalmin ƙwallo. A ajin ƙanana kulob da yawa suna ba da aron sanda da hula, saboda haka ku tambaya kafin ku kashe kuɗi. Wajen auna sanda, yaro ya tsaya ya saki hannunsa, kan sandar ya zo daidai wuyan hannu. Kada a sayo doguwa don wai zai girma ya same ta, doguwar sanda tana ɓata wa yaro bugu. Hannunsa mai ƙarfi shi ke riƙe can saman mariƙi.

Batun tsada kuwa daga daji ya taso. Da gindin itacen ash ake sassaƙa sandar, kuma a 2012 aka fara tabbatar da ɓullar wata cuta mai busar da wannan itace a gundumar Leitrim. Ta yaɗu a ƙasar da sauran Turai inda ake sayo mafi yawan katakon. Har ta kai wasu masassaƙa sun rufe, ciki har da gidan Canning na Galway a 2022. Yanzu akwai sandunan gora da kamfanin Torpey na gundumar Clare ke yi, da na roba mai ƙarfi irin na Cúltec. Ga ɗan koyo duk suna aiki.

'Yata ma tana so. Akwai na mata?

Akwai, sunansa camogie, kuma yana da hukumarsa tun 1904. Dokokin kusan ɗaya ne. A ajin ƙanana maza da mata kan yi tare, daga baya a raba su. Kulob da yawa sun riga sun haɗa komai a inuwa ɗaya, a matakin ƙasa ma ana aikin haɗe hukumomin a ƙarƙashin jagorancin tsohuwar shugabar ƙasa Mary McAleese, da burin kammalawa a 2027. Kan sutura, ku duba amsar da ta shafi addini a ƙasa.

Kulob ɗin garinmu ƙwallon Gaelic (ƙwallon ƙafar gargajiyar Ailan) kawai yake yi. Ashe ba ko'ina ake hurling ba?

A nan ne gizo ke saƙa. Ana kiransa wasan ƙasa, amma ƙarfinsa a kudu yake: lardin Munster, da Kilkenny da Wexford da Offaly, sai kudancin Galway da Dublin. Zuwa 2025 Kilkenny ta ci babban kofin ƙasa na gundumomi sau 36, Cork 30, Tipperary 29. Daga 1999 zuwa 2025 gundumomi shida ne kacal suka ɗaga shi. In ka haura arewa da yamma sai ka tarar da 'yan wurare ƙalilan ne ke hurling: kwarurukan Antrim inda ake da Cushendall da Loughgiel, zirin Ards a Down mai Portaferry da Ballycran da Ballygalget, arewacin Kerry, Tooreen da Ballyhaunis a Mayo. Tsakaninsu kuwa ƙwallon Gaelic ce ke mulki.

Dalilan suna ciyar da juna. Ba wanda ya buga a garin, don haka ba mai koyarwa. Ba mai koyarwa, yara ba sa farawa da wuri. In an dage an haɗa ƙungiya, babu abokan karawa kusa, sai an yi tafiyar awa ɗaya ko fiye don wasa guda. Ga tsadar kaya idan aka kwatanta da ƙwallo ɗaya da za ta ishi yara talatin. Sannan a kulob mai wasa biyu, idan lokacin fili ya yi karo, hurling ake ɗagawa. A ƙarshen 2023 har an kawo shawarar cire Cavan, Fermanagh, Leitrim, Longford da Louth daga gasar lig ta ƙasa saboda ƙarancin kulob ɗinsu na manya, sai da 'yan wasa suka yi ca aka janye.

Akwai kuma matsalar yawan jama'a, mai fuska biyu. A ƙauyukan yamma matasa sun koma birni, har kulob biyu ko uku kan haɗa yaransu kafin su cika 15. A Dublin da garuruwan kewayenta kuma yara sun yi yawa, fili ne babu. Idan kulob ɗinku ba ya hurling, ku tuntuɓi ofishin GAA na gunduma, domin a wurare da yawa doka ta yarda yaro ya yi ƙwallo a kulob ɗaya, hurling a wani.

To me GAA ke yi a kai?

Abubuwa da dama, wasu sun fi wasu tasiri. Akwai Cúl Camps, sansanin mako guda a hutun bazara na 'yan shekara 6 zuwa 13 da aka fara a 2006, wanda shi ne ƙofar da ta fi sauƙi ga sabon shiga. Akwai gasannin firamare na Cumann na mBunscol, da jami'an horarwa masu albashi da ke zagaya makarantu. Ga yankuna masu rauni an ƙirƙiro gasar Táin Óg, wadda ke haɗa kulob-kulob ba tare da duba iyakar gunduma ba, don yara su samu wasanni a kai a kai. A ganina wannan ce ta taɓa ainihin ciwon. Celtic Challenge kuma, tun 2016, tana ba 'yan ƙasa da 17 damar wakiltar yankinsu.

Jarlath Burns, wanda ya zama shugaban GAA a 2024, ya sa yaɗa hurling a gaba, aka naɗa William Maher na Tipperary ya jagoranci wasan a ƙasa baki ɗaya a 2025, aka kuma raba wa sababbin ƙungiyoyi sanduna da huluna da ƙwallaye. Kayan suna da amfani ƙwarai. Sai dai jakar sanduna ba ta koyar da kowa, sai an samu mutum biyu ko uku a garin da za su tsaya kowace Asabar shekara da shekaru.

Renon yaran nan yana haifar da sakamako da gaske?

Limerick ce shaida. Daga 1973 ba ta sake cin kofin ƙasa ba har shekara 45. A farkon shekarun 2010 ta kafa makarantar renon matasa, inda ake tara zaɓaɓɓun yara daga kulob-kulob ana ba su horo iri ɗaya. Ta ci kofin matasa na Munster a 2013 da 2014, na 'yan ƙasa da 21 na ƙasa a 2015 da 2017, sai babban kofi a 2018, sannan sau huɗu a jere daga 2020 zuwa 2023.

Labarin Offaly ya fi taɓa zuciya. Gundumar da ta ci kofi a 1981, 1985, 1994 da 1998 ta yi sake da ƙananan rukunai har ta faɗa mataki na uku na gasar ƙasa a 2019. Aka koma aka fara daga yara. A 2022 matasanta suka kai wasan ƙarshe, a 2024 suka ci kofin 'yan ƙasa da 20. Dublin ma, inda aka zuba kuɗi sosai wajen masu horarwa a makarantu, kulob ɗin Cuala ya ci kofin ƙasa na kulob-kulob a 2017 da 2018, Na Fianna a 2025. Amma ku lura, duka ukun suna da tsohon tushe da aka farfaɗo. Dasa wasan inda ba a taɓa yi ba aiki ne daban, kamar yadda aka bayyana a amsar da ta gabata kan kulob marasa hurling.

Me ya sa yara da yawa ke bari da sun kai shekara 14 zuwa 17?

A lokacin Go Games ta riga ta ƙare, benci ya fara aiki. Yaron da ya saba bugawa kowane mako sai ya ga wata guda bai shiga ba. Lokacin ne kuma ake zaɓar 'yan tawagar gunduma, wanda ba a ɗauka ba ya ɗauka shi ke nan. Ga jarrabawar sakandare, ga ƙwallon ƙafa da rugby suna ja. Gwanayen kuma akasin haka ke damunsu, kulob na nema, makaranta na nema, gunduma na nema, har jiki ya gaji. Don rage wannan ne aka sauke rukunin matasa na gundumomi daga 18 zuwa 17 a 2018, kuma har yau ana muhawara a kai.

Alamar kulob na gari ita ce yana fitar da ƙungiya ta biyu da ta uku a rukuni ɗaya maimakon tara yara a benci. Ku tambayi wannan tun yaro yana ƙarami.

Za a karɓi ɗan baƙo, baƙar fata?

A yawancin kulob hannu biyu-biyu, domin suna buƙatar yara. Akwai kuma waɗanda suka share hanya. Seán Óg Ó hAilpín, wanda mahaifiyarsa 'yar Fiji ce, shi ya ɗaga wa Cork kofi a 2005. Lee Chin na Wexford mahaifinsa ɗan Malesiya ne. Zak Moradi, Bakurde da aka haifa a Iraƙi, ya zo ƙasar yana yaro, ya ci kofin Lory Meagher, na gundumomi masu rauni a wasan, da Leitrim a 2019.

Wannan ba ya nufin babu wariya. Shi kansa Lee Chin an zage shi saboda asalinsa a wani wasa a 2023, aka hukunta wanda ya yi. Dokar GAA ta ɗauki zagin launin fata laifin jan kati. In ya faru da yaronku kada ku haɗiye, ku kai wa jami'in walwalar yara da aka ambata a amsar haɗari, a rubuce.

Yaya batun Islamiyya, azumi da sutura? Na kuma ga mashaya a ginin kulob.

GAA a dokarta ba ta addini ba ce, ko da yake kulob da yawa suna ɗauke da sunayen waliyyan Katolika. Karon da aka fi samu na lokaci ne, Asabar da safe ko Lahadi. Ku faɗa wa mai horarwa tun farko, galibi akwai atisayen tsakiyar mako da yamma. Haka azumi, a sanar da wuri don a rage wa yaro nauyi. Ga 'yan mata, tun Mayun 2025 aka ba su zaɓi tsakanin gajeren wando da siket mai wando a ciki. Mai son dogon wando a ƙasa da ɗankwali mai kama kai a cikin hula ta yi magana da kulob kafin ranar wasa, don a sanar da alƙali.

Mashaya gaskiya ce, wasu kulob da ita suke samun kuɗin shiga, amma harkar yara a fili take. Za a kuma tallata muku tikitin caca na mako-mako da ake tara kuɗi da shi. Ba dole ba ne. Ku ce ba kwa yi, ku ba da gudummawa kai tsaye in kuna da hali.

Akwai kuɗi a ciki nan gaba?

Babu albashi. Wanda kuka gani yana buga wasan ƙarshe a Croke Park a watan Yuli, malamin makaranta ne ko manomi ko ma'aikacin banki. Wasu jami'o'i suna ba gwanaye tallafin karatu. Abin da yaro ke samu shi ne abokai da sanayya a garin da yake zaune, kuma ga ɗan baƙo wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ni ban taɓa riƙe sandar ba. Da me zan taimaka?

Da yawa. A ajin ƙanana aikin bai wuce ɗaure hula, jera alamomi a fili, da tsayawa kan yara shida suna mirgina ƙwallo ba, kuma GAA tana da kwas na farko na gajeren lokaci ga iyayen da ba su san komai ba. Ƙarancin manya masu tsayawa shi ke hana kulob da yawa buɗe ƙungiya ta biyun da aka yi magana a kai a sama. Mai mota ya ɗauki yaran maƙwabta zuwa wasan waje. A gida kuma ku sayi sanda ta biyu, ku tsaya nesa da yaron ku riƙa mayar masa da ƙwallo, ko da a ƙasa kuke turo ta. Rajista ta manhajar Foireann ake yi, kuɗinta ya bambanta daga kulob zuwa kulob, kuma da yawa suna da rangwamen iyali ga mai yara fiye da ɗaya.